Gyambon Yaya Madu da Gayyar Kacalla

Talata, 6 ga Mayu, bayan La'asar

An ƙara wa Yaya Madu jini leda biyu. Yana kwance a ɗakin maza na babban asibitin nan Nguru. Jiya da hantsi aka kawo shi daga Gashuwa, a shimfiɗe a bayan a-kori-kura, bayan ya yi aman jini a bakin kogi.

Laminu, amininsa, shi ya rako shi tare da matar Yaya, Anti Sabuwa. Ya ce suna cikin ruwa iya ƙirji suna saran kacalla, ciyawar nan da ke toshe musu mashigin ruwa duk shekara, sai Yaya ya ce jiri yake ji, ya fito ya dafa kwale-kwale. Laminu ya ce aman kamar zoɓon da ya kwana. Ban tambaye shi yawansa ba.

Yaya na iya magana. Da ya gan ni ya ce, "Auta, wa ya ba ki labari? Ko har an sa a jarida?" Leɓɓansa fari fat, tafin hannunsa kamar an shafa toka. Wannan hannun ne ya riƙe ni tun bayan rasuwar Baba, shi ya riƙa kai ni makaranta a kan keke. Na daɗe ina rubuta labarin marasa lafiyar wasu a jarida, na san tambayoyin da ake yi. Yau na tsaya a gefen gado ina gyara masa zanen da bai karkace ba.

Laraba, 7 ga Mayu, da hantsi

Dakta Humaira ta zo zagaye. Matashiya ce, ba ta ɗaga murya. Ta tambayi Yaya yaushe ciwon ya fara, ya ce babu wani ciwo, zafin ƙirji ne irin na kowa. Ta tambaye shi ko ya lura da canji a bayan gidansa. Sai ya juya fuska bango. Mutum mai jikoki, a gaban ƙanwarsa, ga likitar da ya haifi kamarta.

Anti ce ta amsa, da saurinta, kamar mai kawo shaida mai daɗi.

"Ai Likita, ta wannan fannin alhamdu lillahi. Tun kafin azumi dattin cikin ke fita, shi da bakinsa ya gaya min. Baƙi ƙirin, kamar kwalta. Kanwa nake jiƙa masa safe da yamma, ita ke wanko shi."

"Baƙi kamar kwalta," in ji Dakta.

"Wallahi. Da na ga tana aiki sai na ƙara masa, na ce gara ya fita duka. Kanwar ungurnu ce mai kyau, daga wajen Yusufari ake kawo mana."

Dakta ta rufe fayil ɗin a hankali. Ta ce, "Mama, ba datti ba ne. Jini ne. In jini ya zuba a ciki ya daɗe, ruwan ciki ya dafa shi, baƙi yake fitowa."

Anti ta dube ni don in ce ba haka ba ne. Ni ce mai karatu a gidan. Na kau da kai.

Ta fita. Na same ta a gindin bishiyar maina, zaune a ƙasa, takalmi ɗaya a hannunta. Ta ce, "Zulai, tun kafin azumi nake murna."

Laraba, Magariba

Anti ba ta ci abinci ba. Shi kuma an hana shi.

Alhamis, 8 ga Mayu, bayan Azahar

Na kasa zama haka kawai, sai na yi abin da na iya, wato karatu. Na zauna a baranda da waya ina bin bayanan likitoci, in na kakare in tari Dakta a hanya. Zan rubuta shi nan yadda na gane.

Tumbin mutum na tsatso ruwa mai tsananin tsami, asid, danginsa ɗaya da wanda ake cire tsatsa da shi. A bangon tumbin akwai ƙwayoyin halitta masu 'yan ƙananan famfuna da ba sa ƙirguwa, aikinsu tura asid. Ƙanshin miya ma kan tashe su. Tare da asid akwai wani sinadari, fefsin, mai narka nama. To shi ma tumbin nama ne. Duk tsawon rayuwata ban taɓa tambaya ba: me ya hana shi cin kansa?

Ga abin da ya hana. Yauƙi, irin na kuɓewa, shafe a bango, kaurinsa bai kai na farce ba. A ƙarƙashin yauƙin bango na tsatso wani gishiri mai kashe tsami, baikabonet. Jini na gudana ta baya yana kwashe asid ɗin da ya ɓalle. Fatar ciki kuma tana sabunta kanta duk 'yan kwanaki. Akwai mai kula da wannan aiki duka, wani sinadari da jiki ke haɗawa nan take, furostagilandin. Shi ke cewa a ƙara yauƙi, a ƙara gishirin, a buɗe wa jini hanya, a sassauta famfo.

Na daɗe a kan baikabonet ɗin. Kusan shi ne abin da ke cikin kanwa. Wato Anti ba wauta ta yi ba, abin da jiki ke yi ta kwaikwaya. Shi ya sa zafin ke lafawa, Yaya ya yi gyatsa, ya ce alhamdu lillahi. Sai dai na jiki yana ƙarƙashin yauƙi, kullum, daidai inda ake bukata. Na kofi kuwa ɗan lokaci ne ya wuce, kuma in tumbi ya ji tsami ya ragu sai ya aika a ƙara buɗe famfo. Kanwa ba ta huda shi ba. Ta dai toshe wa ciwon baki ya daina kira.

Na so in gaya wa Anti haka. Na je na tarar tana salla, na dawo.

Juma'a, 9 ga Mayu, bayan an sauko daga masallaci

Laminu ya dawo daga Gashuwa da gaisuwar mutane da bandar kifi da babu mai ci. Na tare shi a ƙofa na tambaye shi me suke sha kafin su shiga ruwa. Ya ce shayi. Na ce da me. Ya yi dariya, ya laluba aljihu ya fito da ƙullin leda: ƙwaya ja, rawaya, da fara ƙarama.

"Tashi-mu-je ke nan. Wajen mai shayi ake karɓa. Hajiya Zulai, in ba da shi ba wa zai iya? Kacalla ba ciyawa ba ce. Sai ka sunkuya cikin ruwa ka sare ta daga gindi, in ka sare a sama ta dawo ta fi da. Ga matsattsaku. Kafin azahar bayanka ya zama na wani."

"Kafin karin kumallo kuke sha?"

"Wa ke shiga ruwa da cikakken ciki?"

"Yaya ƙulli nawa yake sha?"

Ya dubi ƙasa. "Shi sarkin gayya ne. Shi ke fara shiga, shi ke ƙarshen fita."

Na kai wa Dakta ƙullin. Ja da rawaya duk magungunan kashe ciwo ne, dangi ɗaya, an haɗa biyu wuri guda. Farar ta ce mai yiwuwa sitiroyid ce, mai rage kumburi, in ta haɗu da su abin ya fi muni. Yadda suke kashe ciwon baya shi ne su hana jiki haɗa furostagilandin, domin shi ke kai ƙarar ciwo. Amma ƙwaya ba ta san baya daban tumbi daban ba. Ko'ina take hanawa. Yauƙi ya yi ƙaranci, gishirin ya ragu, jini ya ja baya, famfo kuwa yana nan yana aikinsa. Kuma jinin mai shan su ba ya saurin daskarewa in ya samu kafa.

Kowace safiya, rani bayan rani, a kan cikin da babu komai sai shayi.

Na tambayi Laminu yawansu a gayyar. Ya ce in an cika sun fi sittin. Na so in tambaye shi launin nasa bayan gidan. Ban iya ba.

Asabar, 10 ga Mayu, da yamma

Zafi kamar gari zai kama. Bai yi amai ba.

Litinin, 12 ga Mayu, bayan La'asar

An zura masa na'ura ta baki an leƙa. Dakta ta kira ni ni kaɗai ta nuna min hoton a allo. Na zaci zan ga abin da zai firgita ni. Rami ne, fari a tsakiya, faɗinsa kamar kan babban yatsa, da ɗigon baƙi a gefe inda jijiyar jinin ta buɗe. Gyambon ciki. Abin da kowa ke ce wa olsa, kamar yadda ake cewa mura.

Sun tsayar da jinin. Ta ce akwai kuma ƙwayar cuta, an gwada an gani. Sannan ta ce gefen ramin bai kwanta mata ba, ya yi tudu-tudu, don haka an gutsuri nama an aika Kano. Ta ce galibi ba komai ba ne, ƙa'ida ce. Ta faɗi kalmar sau ɗaya: ciwon daji. Na ji ta.

Na tambaye ta ko ana gado. Ta ce me ya sa na tambaya. Na ce tambaya ce kawai. Ban gaya mata ciwon ciki ne ya ɗauke Baba ba.

Yaya ya ce me aka gani. Na ce gyambo. Ya ce, "Shi ke nan? Gyambo ai ko a ƙafa na yi shi." Na ce shi ke nan.

Talata, 13 ga Mayu, da hantsi

Dada, mahaifiyar Anti, ta zo daga rugarsu ta wajen Jajimaji da ƙwarya cike da madara, sabuwar tatsa, an rufe da faifai. Tun asuba ta taso. Ta ce a ba shi ya sha ya ƙoshi, madara na sanyaya ciki, da ita suka yi jinyar mijinta.

Dakta ta ce ba haramun ba ce, amma ba magani ba ce, kuma ba yanzu ba. Na riga na karanta dalilin: tana lafar da zafi na ɗan lokaci, daga baya ita ma ta tashi famfunan.

Dada ta dube ni daga sama har ƙasa. "Ke ce ta gidan jarida? Kanwa kun ce a'a, madara kun ce a'a. To me kuka bar mana mu ba shi?"

Na ce addu'a, Dada.

"Wannan ba sai kin ba ni izini ba."

Masu jinyar gadon kusa da mu ne suka sha madarar. Ta karɓi ƙwaryarta ta wanke da kanta.

Laraba, 14 ga Mayu, bayan Azahar

Yau ya sha kunu, ya tashi zaune, ya ce in karanta masa labarai. "Ke da kike yini a kan waya. Me suka ce a kaina?"

Na ba shi labarin ƙwayar cutar. Na ce siffarta kamar murɗaɗɗen zare mai 'yan wutsiyoyi, ta baki take shiga, yawanci tun yarinta, ta ruwa ko abinci. Asid na kashe kusan komai, amma ita ta san dabara. Tana farfasa wani sinadari da ke cikin ruwan ciki ta mai da shi amoniya, ta lulluɓe kanta da shi, tsamin da ke kewaye da ita ya mutu. Sai ta huda yauƙin ta shige ta zauna a jikin bango. Jiki ya aiko mayaƙansa, su kasa cim mata, faɗan ya ƙare a kan bangon, shekara da shekaru. Mutane da yawa na ɗauke da ita har su mutu ba su sani ba. Sai in an haɗa mata da ƙwaya irin tasa.

Ya saurara da kyau. Ya ce, "Wato ita ma kanwarta take jiƙawa."

Na yi dariya, ta farko tun zuwansu.

"Ka ga mai wayo. Auta, kar ki gaya wa Sabuwa, sai ta ce da ita nake."

Sannan ya tambaya ko Laminu ya zo, kuma ina aka tsaya a mashigin.

Juma'a, 16 ga Mayu, da yamma

An sallame mu. Maganin ƙwayar cuta iri biyu, da omefirazol, wanda ke liƙe famfunan asid ɗin. A sha shi kafin karin kumallo, domin sai famfo ya tashi aiki yake kama shi. Dakta ta yi wa Yaya magana a gabana, dalla-dalla. Ta ce abin da ya toshe jijiyar gudan jini ne kawai, asid kuma na narkar da gudan jini. Sai an yi makonni kafin fata ta rufe wurin. Babu ja, babu rawaya, babu fara, har abada. Babu aikin ƙarfi. In baya ya dame shi, farasitamol.

"Farasitamol," in ji Yaya. "Na jarirai."

"Na masu son ganin auren jikokinsu, Baba."

Ya ce to. Na san wannan to ɗin tun ina 'yar firamare.

A hanyar Gashuwa ko'ina a bushe, shanu sun rame, amma gabas ta fara haɗa gajimare. Shi ya fara gani. Ya daɗe yana kallo.

Babu labari daga Kano.

Asabar, 17 ga Mayu, Gashuwa, da hantsi

Na ɗauki hutun mako guda. Editanmu ya ce tunda ina wurin in turo wani abu a kan kacalla. Na ce to.

Anti ta kwashe kanwar gidan kaf ta zuba a masai. Wake ya ƙi nuna, haka muka ci shi. Ba ta haɗa ido da Yaya. Da hannu biyu take miƙa masa magani, ta tsaya har sai ya haɗiye. Na samu na gaya mata abin da na karanta, cewa ba kanwa ce ta huda shi ba. Ta ce, "Na ji." Ta ci gaba da share inda ta riga ta share.

Lahadi, 18 ga Mayu, bayan La'asar

'Yan gayya sun zo dubiya, sun cika zaure har waje, gaisuwar Barebari, wushe wushe, ta ko'ina. Ina daga cikin gida ina ji. An yi addu'a, an yi barkwanci, wani ya ce an kai Madu Nguru an yi masa juyen baƙin mai kamar babur. Sannan aka zo kan maganar.

An sare mafi yawan mashigin. Saura wajen baki, inda ta fi kauri. In kogi ya ciko bai samu hanya ba, ruwa ba zai shiga fadama ba, zai bi ta gonakin gero ya kwanta. Shinkafa babu, gero babu. Tun ranar da Yaya ya faɗi ba a koma ba. Al'adar ita ce ba mai sa ƙafa a ruwa sai sarkin gayya ya shiga ya sari damin farko ya ɗaga sama. Kowace safiya haka. Haka aka tarar.

Yaya ya ce ya wakilta Laminu. Mutanen unguwar gabas suka ce su dai Madu suka sani, kakansa ne ya fara buɗe mashigin, ruwan ya san gidansu. Wani dattijo ya ce shekarar da aka saɓa, mutum biyu aka rasa a ruwan. Laminu ya ce shi ma ba ya so.

Ba wanda ya ce masa ya zo. Sun tashi suna cewa Allah ya ƙara sauƙi, a huta sosai.

Talata, 20 ga Mayu, bayan Azahar

Ciwon baya ya tashi wa Yaya. Ba ya iya ruku'u, a zaune yake salla. Farasitamol bai yi komai ba, ina gani.

Na zauna kusa da shi na sake jero masa komai: yauƙi, gishiri, jini, gudan da ya toshe jijiya. Na zana masa a ƙasa da tsinke. Na ce ramin nan bai rufe ba, ƙulli ɗaya na iya buɗe shi. Na yi magana da kyau, babu kuskure ko ɗaya a ciki.

Ya ce, "Na gane, Auta. Wallahi na gane. Kin iya bayani, kekena bai sha wahala a banza ba."

"To?"

"To gida nawa ke ci daga fadamar nan? Ke kika taɓa rubutawa, kin fi ni sani."

"Su sami wani."

"Kin ji abin da suka ce."

"Camfi ne, Yaya."

"Camfi ne. Je ki gaya musu. Ki zana musu a ƙasa."

Na ce ai Baba ma haka, ban ƙarasa ba. Ya ce kar in soma. Ban soma ba.

Laraba, 21 ga Mayu, da safe

Na kira Dakta. Babu labari daga Kano.

Alhamis, 22 ga Mayu, da hantsi

Na je. Na tsaya nesa kaɗan da teburin mai shayi na bakin kogi, Laminu ya kira min 'yan gayya. A bayansu kacalla tsaye, ta fi mutum biyu tsawo, kore shar a garin da komai ya ƙone, tsuntsaye jan-baki na shiga suna fita kamar hayaƙi. Ana ganin hanyar da suka sara, ta miƙe sannan ta tsaya cak.

Na yi musu maganar ƙwaya. Na ce duk wanda ya ga baƙi a bayan gidansa ya tafi asibiti ranar, ba gobe ba. Suka sunkuyar da kai. Mace, ƙanwar Madu, tana maganar bayan gida a gaban maza. Mutum biyu sun dubi juna, na lura. Mai shayi ya ce shi ba ya tilasta wa kowa, kuma in ya daina na kusa da shi zai sayar. Gaskiya ya faɗa.

A kan shiga ruwa kuwa dattijon nan ya ce, "'Yata, mu ma muna son sa. Ba mu ce ya yi aiki ba. Dami ɗaya."

Dami ɗaya. Na san Yaya, su ma sun san shi.

Asabar, 24 ga Mayu, da yamma

An yi yayyafi a Gashuwa kafin in taso. Ƙasa ta yi ƙanshi, kowa na murna. Hutuna ya ƙare. Na bar wa Anti lambar Dakta, na sa ta maimaita min alamomin: jiri, bugun zuciya, amai, baƙin bayan gida. Ta maimaita kamar mai ba da hadda. Ta ce, "Yanzu ai ba zai gaya min ba." Ban yi tunanin wannan ba.

Litinin, 26 ga Mayu, Nguru, da hantsi

Anti ta kira. Yaya ya fita tun asuba. Ya ce zai sari dami ɗaya ya koma kwale-kwale ya riƙa nuni da hannu. Ya sha maganin Likita a gabanta kafin ya fita. Ta nanata min wannan.

Litinin, Magariba

Ya dawo da ƙafarsa, riga jiƙe har wuya. Anti ta ce sai raha yake, ciwon bayan ma ya sake shi, har ya yi ruku'u a sallar La'asar. Da murna ta fara faɗa, sai ta katse maganar a tsakiya. Farasitamol ba ya yin haka. Ni da ita duk mun sani.

Talata, 27 ga Mayu, bayan La'asar

Na kira shi.

"Yaya, ka sha?"

"Na sha maganin Likita."

"Ba shi nake tambaya ba."

"Auta, layin ba kyau."

Layin lafiya lau. Kafin ya kashe ya ce saura kaɗan su huda bakin, daga nan zai kwanta har in gaji da ganinsa a kwance.

Na tura wa edita labarin kacalla. Ya ce ya yi kyau, sai dai babu muryar shugaban gayyar.

Laraba, 28 ga Mayu, da yamma

Dakta ta ce sakamakon ya fito a Kano, amma sai babban likita ya sa hannu. Ba ta gani ba, ba za ta yi hasashe ba. Na gaya mata ya koma ruwa. Ta ce, "Ki kawo shi." Kamar abin da ake ɗauka a kawo.

Na sake karanta yadda fatar tumbi ke gyara kanta. In raunin ƙarami ne, ƙwayoyin da ke gefe su miƙe su rarrafo su rufe wurin nan da nan. In babban rami ne sai sabbin jijiyoyi sun tsiro daga ƙasa, a hankali, kuma furostagilandin na cikin masu kiran su. Na san wannan yanzu. Na san shi sosai. Ban san me zan yi da shi ba.

Alhamis, 29 ga Mayu, da hantsi

Na nemi izini, gobe zan tafi Gashuwa. Ban san me zan ce wanda ban riga na faɗa ba.

Alhamis, bayan Azahar

Laminu ya kira. An huda bakin mashigin ɗazu, ruwa ya fara bi. Yaya na tsaye a ciki lokacin. Ya fito da kansa har gaɓa, ya zauna, sannan ya kwanta. Ya yi amai. Sun kai shi asibitin Gashuwa, an sa masa ruwa, an ce a wuce da shi nan. Yana cikin motar wani mai kifi tare da Anti. Laminu na biye a babur, ya ce sun ɓace masa tun kafin Jajimaji.

Na gaya wa Dakta. An nemi jini. Nawa ya dace da nasa, na ba da leda ɗaya, sun ce ba za su ɗauki ta biyu ba. Ina zaune a benci a bakin ƙofar gaggawa, auduga a gwiwar hannuna. Wayar Anti na shiga, ba a ɗauka.

Laminu ya ce lokacin da aka rufe ƙofar motar Yaya na numfashi. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, motar kuma ba ta iso ba tukuna.